Tsutsar Tumatir da Hanyoyin Tsare Lambu Daga Ɓarnarta

A cikin shekarar 2016 wata annoba ta auka wa lambunan tumatir a Jihohin Kaduna da Kano da Jigawa da Katsina, har Gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan al'amarin cikin watan Mayu. Tumatir ya yi tsadar da ta gagari talaka tun daga Kano har Ikko. Abin da ya jawo wannan hasara wata 'yar tsutsa ce wadda masana ke kira Tuta absoluta, manoma kuwa suka laƙaba mata suna Sharon.

Ita dai wannan tsutsa baƙuwa ce. Asalinta daga Amurka ta Kudu take, ta ƙetara zuwa Sifen a 2006, daga can ta bi ta Afirka ta Arewa, sannu a hankali har ta iso ƙasar nan. Uwarta wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai launin toka, wanda yakan ɓuya da rana, ya fito da almuru. Mace guda tana iya saka ƙwai sama da 200. Idan suka ƙyanƙyashe, sai tsutsar ta huda ganye ta shige ciki, tana cin tsokarsa tana barin fatar, shi ya sa akan ga wani fari-fari a jikin ganyen kamar an zana taswira. Daga nan takan shiga reshe da 'ya'yan tumatir ɗin, su ruɓe. A lokacin zafi, cikin kamar wata guda ƙwai ya zama uwa mai saka nata ƙwan. Saboda haka lambun da aka yi sakaci da shi mako biyu ko uku, sai a iske shi kamar an bi shi da wuta.

A nan ne yawancin manoma ke yin kuskure. Da sun ga ɓarna sai su dinga antaya maganin feshi iri guda safe da yamma, alhali tsutsar tana cikin ganye inda maganin ba ya isa sosai, kuma waɗanda suka tsira sukan haifi 'ya'yan da maganin ba ya kashewa. Ga asarar kuɗi, ga guba a kan abin da jama'a za su ci. Wanda zai yi feshi ya fara neman shawarar malamin gona, ya yi da yamma, ya riƙa sauya irin maganin, ya kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin ya tsinki tumatir.

Rigakafi kuwa tun daga bedi yake farawa. Kada a sayi dashe sai an juya ganyensa an duba. Kwandunan da suka dawo daga kasuwa sukan ɗauko tsutsar, don haka a kakkaɓe su, a ajiye su nesa da lambu. Ganye da 'ya'yan da suka kamu a tsinke su a ƙone ko a binne da zurfi, kada a yar a bakin rafi. Da dare a ɗora fitila bisa daro mai ruwa da ɗan sabulu, haske zai jawo iyayen su fāɗa ciki su mutu, da safe kuma yawansu zai nuna wa mai lambu halin da yake ciki.

Bayan an gama tsinka, wajibi ne a tumɓuke karan tumatir a ƙone, a kuma kafce ƙasar, domin tsutsar takan kwanta a cikinta kafin ta yi fiffike. A cire gautan kaji da zaƙami daga gefen lambu, gama danginsa ne, tana iya rayuwa a kansu. Kada a bi tumatir da gauta ko yalo ko dankalin Turawa a fili guda. Gara a sa albasa ko masara. Masu noman rani a fadama ɗaya su haɗa kai su yi wannan shara lokaci guda, domin lambu ɗaya da aka bari ya isa ya sake cika na maƙwabta.