Gani Ya Kori Ji

Birnin Katsina tsohon gari ne na ilimi da sana'a. Tun zamanin da, mutane sukan zo daga ƙasashe masu nisa don su yi karatu wurin malamanta, ko su sayi kayan da masu sana'arta suka yi. A shekarar 1921 aka kafa Kwalejin Katsina don koyar da malaman makaranta. Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa duk a can suka yi karatu. A 1938 aka mayar da kwalejin Kaduna, tsohon gininta kuwa ya zama gidan adana kayan tarihi.

Yanzu akwai makarantun koyon sana'a a Katsina, babba a cikinsu ita ce Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina. A irin waɗannan makarantu malami ba ya barin almajiransa cikin aji kullum. Wata rana yakan fita da su zuwa inda ake yin aikin da suke koyo, don su gani da idonsu. Wannan fita ita ake kira ziyarar karatu.

Ga misali. Malami ya gaya wa almajirai cewa ƙarfe yakan yi taushi in ya sha wuta. Sun rubuta, sun haddace. Amma ran da ya kai su maƙera, sai su ga yaro yana zuga gawayi da zugazugi, ƙarfe ya yi ja wur. Maƙeri ya ciro shi da awartaki, ya ɗora bisa uwar maƙera, ya yi ta dukansa da masaɓa har ya zama fartanya. In ƙarfen ya huce, sai ya mayar da shi wuta, domin ba ya lanƙwasuwa da sanyi. Almajirin da ya ga wannan ba zai manta ba.

Haka kuma a marina. Marini yakan zuba ruwa a karofi, ya sa toka da baba, ya bar su kwanaki yana motsawa har su nuna. In ya tsoma farin zane ya ciro, da fari sai a gan shi kore-kore, sai ya sha iska kana ya koma shuɗi. Nan malami zai bayyana musu cewa iska ce ta juya launin. A majema kuwa za su ga yadda ake cire gashin fata da ruwan toka, sa'an nan a jiƙa ta cikin ruwan bagaruwa don kada ta ruɓe.

Masu koyon aikin injiniya akan kai su madatsar ruwa ta Ajiwa, cikin ƙasar Ɓatagarawa, inda ake samo ruwan famfo na birnin Katsina. Can za su ga yadda ake sa alif don laka ta kwanta, a tace ruwan, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, kafin a tura shi gari ta cikin bututu.

Amfanin wannan ziyara uku ne. Na fari, abin da ke cikin littafi yakan zauna daram a zuciya. Na biyu, almajiri yakan san wahalar sana'a da daɗinta tun kafin ya zaɓe ta. Wanda ya ji zafin maƙera ya ga ba zai iya ba, gara ya sani da wuri, da ya ɓata shekaru a banza. Na uku, yakan koyi girmama masu aikin hannu, ya gane cewa tsohon da bai taɓa shiga aji ba yana da ilimin da ba a rubuta a littafi ba. Ganin muhimmancin koyo a wurin aiki ya sa a 1973 aka shirya wani tsari a Nijeriya, wanda ɗaliban manyan makarantu suke zuwa masana'antu su yi watanni suna aiki kafin su gama karatu.

Ziyara tana da ladubba. Almajiri ya tafi da littafin rubutu da alƙalami. Ya gai da mai sana'a, ya kira shi Baba ko Malam. Kada ya taɓa kayan aiki sai an ba shi izini, gama wuta da inji ba su san baƙo ba. Ya yi tambaya cikin ladabi, domin tambaya rabin ilimi ce. In an komo makaranta, ya rubuta abin da ya gani tun bai manta ba.

Yaron firamare ma ba sai ya jira ya girma ba. A unguwarsu akwai tela, ko magini, ko kafinta. In ya nemi izinin iyayensa ya je ya zauna kusa da su yana kallo, zai ƙaru ƙwarai.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka kafa Kwalejin Katsina?
2. Me ya sa maƙeri yake mayar da ƙarfe cikin wuta?
3. Mene ne amfanin bagaruwa ga majemi?
4. Faɗi amfani uku na ziyarar karatu.