Wace Makarantar Likitanci Za Mu Zaɓa wa Yaranmu?

Idan ɗanmu ko 'yarmu na son zama likita mai koyarwa da bincike, kada mu tsaya ga sunan jami'a kawai. Mu tambaya: a wane asibiti ɗalibai ke koyon aiki, kuma malamansu suna bincike?

Ɗaliban Jami'ar Ghana suna koyon aiki a Korle Bu, ga cibiyar bincike ta Noguchi a Legon. Na KNUST a Kumasi suna zuwa Komfo Anokye, cibiyar KCCR kuma tana cikin jami'ar. A UDS ta Tamale, yaro zai ga cututtukan da ke damun ƙauyukan arewa.

Gurbi kaɗan ne, masu nema da yawa, don haka kada ya cika fom ɗaya tak. Kafin ya zaɓa, mu kai shi wurin wani likita ɗan zango, ya tambaya ko ana sa ɗalibai cikin bincike tun suna karatu.