Kango Ko Gona: Ina Ya Kamata A Kafa Masana'anta?

Manoma, makon nan zancenmu a kan ƙasa ne, watau wadda ta cancanci gini da wadda ta cancanci garma.

Kano tana da manyan unguwannin masana'antu uku. Bompai ita ce tsohuwa, sa'an nan Sharaɗa da Chalawa. Tun daga wajen 1986, da tsadar kayan waje ta haɗu da ƙarancin wutar lantarki, masaƙu da kamfanoni da yawa suka rufe, ga kangayensu nan. Duk da haka mai sabon kamfani ya fi son ya fita bayan gari ya sayi gona, don ta fi araha, ba kuwa abin rushewa.

To, ku duba bambancin. Filin tsohuwar masana'anta yana da hanyar mota da magudanar ruwa, amma ƙasarsa ta mutu ga noma. Siminti ya danne ta, nauyin injuna ya daddaɓe ta. Inda aka yi jima kuwa, kamar Sharaɗa da Chalawa, akwai wani sinadari mai suna kuromiyam da ake jeme fata da shi. Shi ba ya ruɓewa kamar taki, zama yake yi cikin ƙasa shekara da shekaru. Irin wannan wuri gini ya dace da shi, bayan an kwashe gurɓatacciyar ƙasar.

Gonar karkarar Kano fa? Kakanninmu suka yi ta kai mata takin birni a kan jakuna, shi ya sa ake nomanta kowace damina ba hutu. Inci ɗaya na ƙasar sama yakan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ya taru, katafila kuwa ta kankare shi da hantsi ɗaya. Ku sani kuma, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, in Gwamnati ta karɓi gona, diyyar amfanin gona da aikin da aka yi mata ake biya, ba kuɗin ƙasar kanta ba.

Masu lambu, ga naku. Kada ganin fili a banza ya ja ku shuka latas ko alayyafo cikin kangon majema. Haka ruwan Getsi da ke kwaso dattin Bompai zuwa Jakara, da na Salanta daga Sharaɗa. Ganyen yakan yi kore shar, amma gubar tana iya shiga cikinsa. Kafin ku kafa lambu a wurin, ku nemi malamin gona ya ɗebi ƙasa da ruwa a kai a auna.