Darasi na 12: Ajiyar Iri a Jikin Ɓera

Manomi mai hankali ba ya cinye hatsinsa duka. Yakan ware iri ya adana a rumbu har damina ta faɗi. Jikin namijin ɓera ma yana da irin wannan tanadi.

A cikin marainan ɓera akwai siraran bututu a nannaɗe. A bangonsu akwai wasu ƙwayoyin halitta da masana ke kira ƙwayoyin asali. Daga gare su maniyyi yake samuwa, kuma aikin yakan ɗauki kusan kwana 35. Amma ba duka suke tashi aiki lokaci guda ba. Wasu sukan yi jinkirin rabuwa, su zauna a ajiye. Da duka za su zama maniyyi a tare, da iri ya ƙare tun ɓeran bai tsufa ba.

Me yake sa su hutawa? Kowace ƙwaya tana ɗauke da umarnin gado, wato DNA. Umarnin iri ɗaya ne a fata, da hanta, da maraina. Bambancin yana wajen wanda aka buɗe da wanda aka rufe. Wani ƙaramin sinadari mai suna metil yakan manne a jikin DNA, ko a jikin sunadaran histon da DNA ke naɗe a kansu. Wannan alama takan rufe wani umarni ba tare da ta goge shi ba. Ilimin waɗannan alamomi shi ne epijenetik, sunan da masanin Ingila Conrad Waddington ya raɗa a 1942.

Cikin ɓera kwana 20 ne ko kusa da haka. A kwanakin ƙarshe na cikin, ƙwayoyin ɗan tayi namiji da za su zama irin maniyyi sukan daina rabuwa sai bayan haihuwa. A lokacin wannan hutu ne ake ɗora musu alamomin metil masu yawa. A 2004 masana sun nuna cewa namijin ɓeran da ya rasa sunadarin Dnmt3L, mai taimakawa wajen ɗora alamomin, ba ya haihuwa. A shekarar dai aka gano cewa ɓeran da ya rasa sunadarin Plzf, mai rufe wasu umarni, ƙwayoyin asalinsa suna ƙarewa a hankali.

Wannan bincike yana da amfani gare mu. Yana koya mana cewa rashin haihuwa yakan zo daga namiji, ba daga mace kaɗai ba. Idan haihuwa ta yi jinkiri, kada a ɗora wa mace laifi. Miji da mata su je asibiti tare a auna su.

Tambayoyi
1. A ina ƙwayoyin asali na maniyyi suke?
2. Me ya sa wasunsu suke hutawa?
3. Mene ne aikin alamar metil?
4. Idan haihuwa ta yi jinkiri, su wa ya kamata a auna?