KAZA TA MUTU FARAT ƊAYA: GUBA CE KO CUTA?

'Yan'uwa manoman Tumbutu da kewaye, darasinmu na wannan wata a kan kaza ne. Kada wani ya ce ina ruwan malamin auduga da kaza. Kuɗin auduga sau ɗaya ya ke zuwa a shekara. Kaza kuwa ita ke sayen gishiri da sabulu, ita ke kai yaro asibiti, ita a ke yanka wa baƙo. Kuma sau da yawa abin da ya kashe ta daga wajen aikin audugan nan namu ya fito.

In an tashi da safe an tarar da kaza ta miƙe ƙafa, alhali jiya lafiyarta lau, uwargida ta kan ce maƙwabciya ce ta sa mata wani abu. Maigida ya kan ce annoba ce ta shigo. Yara kuwa wuƙa su ke nema, a yanka wadda ke layi tun ba ta zama mushe ba. To, duka a dakata tukuna. Manyan masu kashe kaza da gaggawa a ƙasarmu biyu ne, watau guba da cuta mai yaɗo. Abin da a ke yi wa ɗaya dabam ne da na ɗayar. Saboda haka sai an san wace ce ta shigo gidan.

Da fari ka duba wane lokaci ne na shekara. Da damina mu ke shuka da zuba taki da feshi, kuma duk kwana 14 famfo yana bayan manomi. Kazar da ta mutu a wannan lokaci, guba za ka fara zato. Cutar nan da wasu ke kira fakat, ita da hunturu ta fi ƙarfi, daidai lokacin ɗibar auduga da kai ta ma'auni. Likitocin dabbobi suna kiranta cutar Niyukasil, domin a wani gari mai wannan suna a Ingila aka gane ta a shekarar 1926. Amma lokaci zato kawai ya ke ba ka, bai isa shaida ba.

Sa'an nan ka lura da yadda mutuwar ta zo. Nan ne babban bambanci. Guba ba ta jira. Kajin da suka ci abu ɗaya tare su ke faɗuwa, cikin sa'a ɗaya ko biyu, ko kafin rana ta faɗi. Za ka ga miyau yana zuba daga baki, jiki yana rawa, ƙafafu sun kasa ɗaukarta, tana shure-shure. Wadda ba ta ci ba tana nan tana kiwonta. In an kawar da gubar, mutuwa ta tsaya nan. Ba ta tsallaka danga zuwa gidan maƙwabci. Ka zaga bayan ɗaki kuma. In ka ga mataccen ƙadangare, ko kyanwa tana amai, magana ta ƙare, domin fakat ba ta kama kyanwa da ƙadangare.

Fakat kuwa a hankali ta ke sallama. Kaza ɗaya za ta fara. Ta ƙi cin tsaba, ta koma gefe ta tsaya, ta saki fukafukai kamar wadda ta yafa riga. Kashinta ya zama ruwa-ruwa, kore. Tana buɗe baki tana neman numfashi. Wadda ta daɗe ba ta mutu ba, wuyanta ya kan murɗe, ta riƙa juyi wuri ɗaya. Gobe biyu, jibi biyar, kafin mako biyu akurki ya zama kango, kuma ana kuka iri ɗaya a gidan gabas da na yamma. Wani lokaci ta farin ta kan mutu ba tare da an ga kome ba. Shi ya sa kaza ɗaya ba ta isa a yanke magana, sai an tsare sauran da ido kwana uku ko huɗu.

In zatonka ya fi ƙarfi a kan guba, bi sawun kazar. Hausawa sun ce kaza mai tone-tone ita ke tono wuƙar yankanta. Amma wa ya binne wuƙar? Ina ka wanke famfo da ka komo daga gona? In a tsakar gida ne, ko a bakin rijiya, ruwan nan ya kwanta, kaji sun sha. Ina galan ɗin magani da ya ƙare? Na ga gida inda aka yanke shi biyu aka mai da shi kaskon ruwan 'yan tsaki. Wanki ba ya fid da maganin nan daga jikin roba, ko an wanke sau goma. Ina ragowar irin masara ko na auduga da aka yi wa garin magani? Launin nan ja ko shuɗi da ke jikinsa gargaɗi ne, amma kaza ba ta san gargaɗi ba. Akwai kuma fara da tsutsa da suka mutu bayan feshi, a gonar da ke maƙale da gida. Akwai garar da yara ke ɗebo wa 'yan tsaki daga gonar auduga. Akwai takin zamani da ya zube a ƙofar rumbu, fari ƙwaya-ƙwaya kamar tsaba. Akwai maganin ɓera. Mafi yawan lokaci, kafin ka gama wannan zagaye ka sami mai laifi, kuma ba maƙwabciya ba ce.

In zatonka a kan cuta ne, tambaya ɗaya ce. Wane tsuntsu ya shigo gidan a cikin mako biyun nan? Cutar ta kan kwana biyar ko shida a jikin kaza kafin ta nuna, wani lokaci har kwana 15. Saboda haka zakaran da ka sayo a kasuwar Malanbil yana cara, mai yiwuwa ne da ita ya zo. Ku lura da wannan ƙwarai. Wanda annoba ta shiga gidansa, sauri ya ke yi ya kai sauran kasuwa, ya sayar da araha. Kazar da aka yi maka rahusa fiye da kima da hunturu, bar wa mai ita. Agwagi kuma su kan ɗauki cutar su raba wa kaji, su kuwa ba abin da ya same su. Kwandon ɗan kaji da takalminsa ma su kan kawo ta.

Akwai wata cuta mai kama da fakat wadda ta fi ta haɗari, ita ce murar tsuntsaye. Ta bayyana a Kaduna da Magarya a farkon 2006, ta bayyana a Kwatano da Ajara a watan Disamba na 2007. Tana kashe kaji da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi-shuɗi, ƙafafu su yi ja kamar jini ya kwanta. Ita tana kama mutum, har ta kashe wata mace a Legas a 2007. Da ido ba a iya raba ta da fakat, sai an gwada. Don haka kada ka fede matacciyar kaza don ka ga abin da ke cikinta. Sa hannunka cikin leda ka ɗauke ta, ka ƙulle ta cikin leda biyu, ka kai wa ma'aikacin dabbobi a ranar, tun ba ta ruɓe ba. In guba ka ke zato, tafi da galan ɗin ko takardarsa. Ka wanke hannu da sabulu.

Yanzu maganar wuƙa. Na san da zafi a haƙa rami a binne nama. Amma yanka ba ya fid da guba daga jikin kaza, dahuwa ma ba ta fitarwa. A shekarar auduga ta 1999 zuwa 2000, an ƙidaya mutum 37 da maganin feshi mai suna endosulfan ya kashe a ƙasar Borgu, da yawansu ta hanyar abinci ya same su. Gwamnati ta hana wannan magani a 2008. Amma waɗanda ke hannunmu yau su ma don kisa aka yi su. Ita kuma mai cuta, in an fige ta a tsakar gida, gashinta da hanjinta da ruwan wankinta su ne za su ƙarasa sauran kajin unguwa. Haƙa rami mai zurfin mita ɗaya, nesa da rijiya, ka zuba toka, ka rufe yadda kare ba zai tono ba. Kada a jefa a bola, kada a jefa a kogi.

Fakat ba ta da magani in ta kama. Barkono da ɓawon maɗaci da kafso mai ja da rawaya, duk an gwada. Wadda ta tashi bayan an ba ta, da ma mai tashi ce. Abin da ke tsare kaji shi ne rigakafi. Akwai na ɗigawa a ido, ana maimaita shi duk wata huɗu. Akwai na allura, shi ya fi daɗewa a jiki. Sai ya yi kamar mako biyu kafin ya kama, kuma ba a yi wa wadda ta riga ta kamu. Saboda haka da an fara ɗibar auduga a nemi mai rigakafi, kada a bari sai iskar hunturu ta taso. Ku haɗa kai unguwa guda, domin kwalba ɗaya ta kaji da yawa ce, in an buɗe ta kuwa ba ta ajiyuwa.

Baƙuwar kaza, ko saye ko kyauta, a kife ta dabam kwana 14 da kaskonta, sa'an nan a sake ta cikin sauran. Famfo kuma a wanke shi can a gona. Galan a ɗauraye shi sau uku, a juye ruwan cikin famfo a fesa wa auduga, a huda gindinsa don kada wani ya sake zuba ruwa a ciki.