Motar Kara da Motar Roba

Sabon Birni da Isa garuruwa ne na arewa maso gabashin Jihar Sakkwato, kusa da iyakar Nijar. Mutanen wajen manoma ne da makiyaya. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda a shekarar 1929 kayan wannan yanki suka riƙa gangarawa kudu ta Shinkafi. Da fari raƙuma da jakuna ke ɗauka, daga baya manyan motoci suka karɓi aikin, suna ɗaukar hatsi da albasa da dabbobi.

Ba wanda ke kallon babbar mota kamar yaro. Direba na shan shayi, karen mota na ɗaure kaya, shi kuwa yaro yana tsugune yana ƙirga tayoyi. In ya koma gida da kaka sai ya nemi karan dawa. Ya fere ɓawon, ya yanka totuwar gunduwa-gunduwa, ya riƙa soka tsinken ɓawo a ciki har bodi ya tashi. Ya yanko tayoyi daga sakaina, ya ɗaura zare, ya ja abarsa cikin rairayi yana yi mata kukan inji da baki. Wannan ita ce motar kara. Ba ta cin ko kwabo, amma ba ta daɗewa. Gara na cinta, akuya ma ba ta barinta.

Yanzu roba ta yi yawa, saboda haka yara na yin mota da tsohuwar jarka da tsohon silifa da waya. Motar roba ba ta tsoron ruwa ko gara.

A ƙasashen Turai kuwa akwai kamfanonin da ke yin ƙananan motocin roba na sayarwa, kamar Italeri na Italiya. Ba a haɗe suke sayar da su ba. In an buɗe kwali sai a tarar da gutsattsari masu yawa da takardar bayani, mai saye ya zauna ya liƙa su ɗai-ɗai da gam, sa'an nan ya yi fenti. Ba yara kaɗai ke wannan ba, har dattawa masu furfura. A jikin kwalin akan rubuta 1:24. Wannan lamba ita ce abin da ya kamata mai yin mota ya gane, ko da kara yake yi ko da jarka.

Ma'anarta ita ce, kowane abu na jikin ƙaramar mota an rage shi sau 24 daga na babbar. Tsawo sau 24, faɗi sau 24, taya sau 24, har madubi da sitiyari. Lissafin ba wuya, gama inci 24 su ne ƙafa 2. Watau duk ƙafa 2 na babbar mota inci 1 ne a jikin ƙaramar.

A ce yaro ya sami mota a tsaye, ya nemi izinin direba, ya auna ta da igiya. Ya tarar tsawonta ƙafa 24 ne, faɗinta ƙafa 8, tsayin taya ƙafa 3 da rabi. To, tasa motar za ta zama inci 12 a tsawo, daidai da rular makaranta. Faɗinta inci 4. Taya kuwa inci 2 ba kwata.

A wajen taya ne yawancin yara ke kuskure. Yaro yakan tsinci murfi mai kyau, ya ga ya yi zagaye sumul, ya ƙi rabuwa da shi ko da ya yi girma. Sai motar ta fito da ƙafafun tarakta. Wani kuma yakan sa murfin kwalba ƙarami, sai cikin motar ya riƙa jan ƙasa, ta kafe a rairayi. Wani ya yi bodi dogo siriri, da an zo kwana sai ta kife da kaya. Duk wanda ya dubi irin waɗannan ya san da abin da bai yi daidai ba, ko bai iya faɗin mene ne ba. Ido ya riga ya saba da ta gaske.

Wanda ya auna kafin ya yanka ba ya shan wannan wahala. Yakan zana kowane sashe a takarda tukuna, ya ɗora takardar bisa jarka, ya bi da alƙalami, kana ya yanka. Tayoyi daga silifa, gatari daga waya miƙaƙƙiya. Huda roba da ƙusa mai zafi aikin babba ne, don haka sai a nemi wa ko baba. Ba a ƙona roba, hayaƙinta na cutar da ƙirji. Jarkar da aka taɓa zuba maganin ƙwari a ciki kuwa, ko taɓa ta ba a yi.

Saura abu guda mai ban mamaki. Tun da an rage mota sau 24, mutum zai zaci ƙaramar za ta ɗauki kashi ɗaya cikin 24 na kayan babbar. Ko kusa! An rage tsawon bodi sau 24, an rage faɗinsa sau 24, an kuma rage zurfinsa sau 24. In aka ninka 24 sau 24 sau 24, sai a sami 13,824. Ashe sai ƙaramar mota ta yi sawu 13,824 kafin ta kwashe abin da babbar ke ɗauka a sawu ɗaya. Babbar na tafiya da buhunan gero jibge har sama, ita kuwa wadda yaro ke ja da zare, abin da bai fi mudu guda ba ya cika ta fal.