Amsoshin Tambayoyinku: Duka Na Gyara Kare?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya ce karensa na tauna takalman baƙi, ya dake shi har ya gaji, bai daina ba. To Malam, ajiye sandar. Kare yana danganta lada ko horo ne da abin da yake yi a cikin daƙiƙa 1 ko 2 da suka wuce. Idan ka dawo daga masallaci ka tarar da silifas a yayyage, ka rufe shi da duka, abin da zai koya shi ne dawowarka bala'i ce. Noƙe wutsiyar nan da kwantar da kunnuwa tsoro ne kawai.

Za a ce ai duka na sa shi ya bari. Yakan bari, amma a gabanka. Kuma karen da ya saba shan bugu yakan koma cizo don tsoro, yaran gida ne kuwa suka fi kusa da bakinsa. Kwikwiyo ma tauna dole ce gare shi, domin daga wata 3 zuwa 7 yake famfara. Kwashe takalman, ka ba shi abin taunarsa. Da ya kama, ka yaba masa nan take da ɗan guntun nama.